Kyamara A Ɗakin Lacca: Wa Zai Isar Da Tambayar Ɗalibin Nesa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Bayan haka, ya ku 'yan uwa matasa, musamman ɗalibai da masu shirin shiga jami'a, a yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya shigo ɗakunan karatun jami'o'in duniya da ƙarfinsa tun daga shekarar 2020. Ina nufin kyamarar nan da ake kafewa a bango ko a rufin ɗakin lacca, tare da makirufo da lasifika da babban allon gilashi, domin malami ya karantar da jama'a biyu a lokaci guda: waɗanda ke zaune a gabansa, da waɗanda ke biye da shi daga gidajensu ko wuraren aikinsu ta hanyar intanet. Ni dai ina kiran wannan tsari aji mai ƙofa biyu, domin wani ta ƙofar katako yake shigowa, wani kuma ta gilashin wayarsa.

Bari in bayyana matsayina tun daga farko, don kada mai karatu ya zaci ina cikin masu ƙyamar duk wani sabon abu. Ina goyon bayan wannan tsari, kuma ina fatan ya yaɗu. Akwai matar auren da ke goyo, akwai ma'aikacin da ba zai iya barin aikinsa ba, akwai mai lalurar ƙafa da ɗakin laccarsa ke hawa na uku, akwai kuma wanda hanyar garinsu ta zama abin tsoro. Duk waɗannan suna da haƙƙi a kan ilimi, kuma ƙofa ta biyu rahama ce gare su. Amma goyon bayan nawa da sharaɗi yake tafe: idan ɗalibin nesa ba ya jin malami sarai, kuma malami ba ya jin sa, sannan babu wani mutum da aka ɗora wa alhakin kula da shi, to ba ɗalibi ba ne, ɗan kallo ne da aka karɓi kuɗin makarantarsa.

Tsarin ya girmi annobar korona. Tun a shekarar 2006 wani malami mai suna Brian Beatty, a Jami'ar Jiha ta San Faransisko da ke Amurka, ya fito da salon da ya kira HyFlex, inda ɗalibi ke zaɓar yadda zai halarci kowane darasi: ya zo aji, ko ya shiga ta intanet ana cikin yi, ko ya bi daga baya. Daga cikin ginshiƙan da ya kafa salon a kai akwai cewa dole ne abin da na nesa zai samu ya yi daidai da na wanda ya zo. Sai dai da annoba ta rufe makarantu, gaggawa ta sa jama'a suka ɗauki na'ura suka bar ginshiƙin. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taruka ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a watan Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilun 2020. A watan Mayun wannan shekara Jami'ar Kambirij ta Ingila ta sanar da cewa dukkan manyan laccocinta za su koma intanet har zuwa bazarar 2021. Abin lura a nan, wanda mutane da yawa suka tsallake, shi ne jami'ar ta bar ƙofa a buɗe ga ƙananan zaman karatu na malami da ɗalibai kaɗan, ido da ido. Sun san inda gizo ke saƙar.

A Nijeriya kuwa, rufe makarantu a watan Maris na 2020 ya zo daidai da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda bai ƙare ba sai a watan Disamba, saboda haka mafi yawan ɗaliban jami'o'in tarayya zaman gida suka yi. Wannan jinkiri yana da ɗan amfani guda: muna da damar koyo daga tuntuɓen waɗanda suka riga mu, kafin mu zuba kuɗi a inda suka zuba suka yi nadama.

Yanzu sai mu koma baya, domin matsalar nan ta mai nisa da malami tsohuwa ce ƙwarai, kuma malaman hadisi sun yi mata nazarin da ban ga kamarsa ba. A Bagadaza ta ƙarni na uku bayan hijira, majalisin imla'i yakan cika ya batse har muryar shehi ba ta kai ko tsakiyarsa. An ruwaito cewa a majalisin Abu Muslim al-Kajji, wanda ya rasu a shekara ta 292 bayan hijira, an ƙirga masu riƙe da kurtun tawada sun haura dubu 40. Ko da an ce akwai ƙari a lissafin, taron dai babba ne. To yaya aka yi na ƙarshen sahu ya ji? Sai aka tsayar da mutane bakwai, kowane yana karɓa daga na gabansa yana isarwa ga na bayansa. Irin wannan mutum shi ake kira mustamli. Ba kuma kowa ake ba wannan aiki ba: malamai irin su al-Khaɗib al-Bagdadi da as-Sam'ani, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban imla'i, sun yi bayanin cewa ana son ya zama farkakke mai fahimta, mai ɗagaggiyar murya, ya tsaya a wuri mai tudu, ya isar da lafazin kamar yadda ya ji shi.

Ba a nan suka tsaya ba. Sai suka tambayi kansu: wanda bai ji muryar shehi ba, ta mustamli kawai ya ji, shin ya halatta ya ce daga shehin ya ji? Wasu suka sauƙaƙa, wasu kuma, cikinsu har da Ibnus Salah da Imamu Nawawi, suka ƙi yarda. Hafizul Iraƙi, wanda ya rasu a shekara ta 806, ya karkata ga halaccin, amma da sharaɗin shehin ya kasance yana jin abin da mustamlin ke faɗa. Ɗan uwa, dubi wannan sharaɗi da kyau. Ba su wadatu da cewa sauti ya tafi ba, sai da suka nemi ya dawo kunnen malami, don idan an yi kuskure ya gyara. Haka nan a takardun shaidar sauraro da ake rubutawa a ƙarshen littattafai, marubucin majalisi yakan rubuta sunan wanda ya ji duka, ya kuma nuna wanda wani sashe ya kuɓuce masa, har ma ya bambanta wanda ya saurara da ƙaramin yaron da halarta kawai ya yi. Sannan jumhurunsu sun inganta ji daga bayan shamaki muddin an tabbatar da muryar mai magana. Wato ganin fuska ba shi ne sharaɗi ba a wurinsu, ji shi ne sharaɗi.

Mu kuwa a yau mun juya lamarin. Idan jami'a za ta kafa aji mai ƙofa biyu, abin da ake fara tambayar farashinsa shi ne kyamara: mai juyawa da kanta tana bin malami, mai ɗaukar kowace kusurwa ta ɗaki, mai hoto tangaran. Dalilin a fili yake, kyamara ce ake iya nuna wa manyan baƙi ranar yanke ƙyalle. Makirufo kuwa, ɗan abu ne da ba ya cika ido, sai a wadatu da wanda ke jikin kwamfuta ko jikin kyamarar, can nesa da bakin malami.

Alhali ilimin sauti bai san alfarma ba. Duk lokacin da tazarar da ke tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin sautin da ke isa kai tsaye yana faɗuwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma ƙarar fanka da rurin janareta da amsa-kuwwar bangon siminti suna nan yadda suke. Wanda ke zaune a ɗakin ba ya jin tsananin wannan, saboda Allah ya hore masa kunnuwa biyu da ƙwaƙwalwar da ke tsince muryar malami daga cikin hayaniya, ga kuma idonsa a kan leɓɓan mai magana. Makirufo ba ya tsincewa, duk abin da ya zo haɗiyewa yake yi ya aika. Shi ya sa ma'aunin da Amurkawa suka gindaya wa ƙananan azuzuwa tun 2002 ya nemi kada hayaniyar ɗaki, idan babu kowa, ta wuce desibel 35, kada kuma amsa-kuwwa ta wuce kashi shida cikin goma na daƙiƙa. Ka auna wannan da ɗakin lacca mai rufin kwano ana tsuga ruwan Agusta. A shekarar 2018 wasu masana biyu, Eryn Newman da Norbert Schwarz, sun sa mutane sauraron jawaban masu bincike, wani da sauti mai kyau, wani da gurɓataccen sauti. Jawabi ɗaya, mutum ɗaya, amma waɗanda suka ji gurɓataccen sai suka raina binciken, suka kuma raina basirar mai jawabin. Ashe mummunan sauti ba ɗalibi kaɗai yake cuta ba, har mutuncin malamin yake zubarwa.

To mu ƙaddara an gyara sautin malami. Saura hanyar dawowa, wato sharaɗin Iraƙi. Ɗalibi a sahu na goma ya yi tambaya, malami ya ji, ya amsa da cewa, "E, haka ne, amma ban da a yanayi na biyu." Na gida bai ji tambayar ba, amsa kawai ya ji tana reto babu igiya. Idan kuma shi ne ke da tambaya, sai ya rubuta ta a gefen gilashi, inda malamin da ya juya yana rubutu a allo ba zai taɓa dubawa ba. In ya ce zai buɗe baki, ga jinkirin layi: ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Janiba ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa idan ana son hira ta tafi yadda aka saba, intanet ɗin wayar salula kuwa sau da yawa yakan zarce haka. Kafin muryarsa ta iso wani a ɗakin ya riga ya karɓe zance. Sau biyu, sau uku, sai ya haƙura ya kashe makirufonsa, daga nan sai ya ajiye wayar ya kama wata hidima, sunansa kuma yana nan a jerin mahalarta. Da marubucin majalisin Bagadaza ne, da ya rubuta a gaban sunan nan cewa ya halarta amma bai ji ba.

Kada a ɗora wa malami laifi a nan. Mutum ɗaya ba zai iya kallon allo da fuskokin ɗalibai ɗari uku da akwatin saƙonni a lokaci guda ba. Abin da ya ɓace shi ne mustamli, kuma akwai gwajin zamani da ya nuna girman wannan rashi.

Jami'ar Istanfod da ke Kalifoniya ta fara watsa darussan injiniyanci ta talabijin zuwa kamfanonin da ke kusa da ita tun 1969. Amma akwai injiniyoyin kamfanin Hewlett-Packard a garin Santa Rosa, tazarar kimanin mil ɗari, inda watsawar ba ta kaiwa. A shekarar 1973 Farfesa James Gibbons ya ce a riƙa ɗaukar laccar a kaset ɗin bidiyo yadda take, ba gyara, a aika masu. Sai dai ya sa ƙa'ida: ba za su kalla ɗaiɗaiku ba. Za su zauna 'yan ƙalilan, da wani ma'aikaci ɗan uwansu a matsayin mai kula, wanda ba lallai ne ya zama gwani a fannin ba. Aikinsa shi ne ya dakatar da kaset bayan 'yan mintoci, ko duk sa'ad da ya ga fuskar wani ta nuna ruɗewa, a tattauna har a fahimta, abin da ya gagara a aika wa farfesan. Sakamakon da suka buga a mujallar Science a 1977 ya ba mutane mamaki: ɗaliban kaset da mai kula sun fi waɗanda suka kalla kai tsaye ta talabijin maki, sun fi waɗanda suka kalli kaset babu mai kula, har ma sun ɗara waɗanda suka zauna a gaban farfesan a cikin jami'a. Gaskiya ne adadin ɗaliban ba shi da yawa, kuma manya ne masu aikin yi da himma, don haka ba za a mayar da shi hukunci a kan kowa ba. Amma ka lura da abin da ya raba rukunin da ya yi fice da wanda ya zo baya: kaset ɗaya ne, hoto ɗaya ne. Bambancin mutum guda ne mai yatsa a kan maɓallin dakatarwa.

Kishiyar wannan ta faru a Jami'ar Konkodiya da ke Kanada a farkon 2021. Wani ɗalibi da ke bin darasin tarihin zane-zane ta intanet ya ji daɗin laccocin Farfesa François-Marc Gagnon, ya nemi adireshinsa don ya yi masa tambaya, sai ya ci karo da sanarwar rasuwarsa tun 2019. Jami'ar ta ce akwai wani malami da mataimaka da ke riƙe da darasin, kuma ni ban ga aibu ba a ci gaba da amfana da ilimin wanda ya rigaya gidan gaskiya. Ai da littattafan mamata muke karatu kullum. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce ɗalibi ya yi makonni yana karatu bai gane cewa mai magana a gabansa ba ya raye ba. Tsarin da za a iya yin haka a cikinsa, ai tun asali ba a gina shi don tambaya ta koma ga mai laccar ba.

Wani zai ce, ai ko babu komai an ɗauki laccar an ajiye, ɗalibi zai maimaita kallo. Haka ne, kuma wannan amfani ne na gaske, musamman ga wanda Turanci ke yi wa nauyi, yana buƙatar ya ji jimla sau biyu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu matasa. Wani bincike da Martin Edwards da Michael Clinton suka yi a Kwalejin King's ta Landan, aka buga a 2019, ya gano cewa bayan an fara ajiye laccoci a bidiyo zuwa aji ya ragu, kuma kallon bidiyon bai cike giɓin da rashin zuwan ya haifar a sakamakon jarrabawa ba. Wasu binciken ba su ga raguwa mai yawa ba. Amma wanda ya taɓa tara laccoci goma sha biyu yana cewa "zan kalla ranar Asabar" ya san yadda wannan Asabar take ƙarewa.

Sai batun aljihu, wanda masu sayen na'ura ba su cika tunawa da shi ba, don ba su ne ke sayen data ba. Bidiyo mai matsakaicin kyau a Zoom yana cin rabin gigabait ko fiye a awa guda, alhali murya zalla ba ta kai megabait 40 ba. Ɗalibin da ke da awa goma sha biyar ta lacca a mako, ka lissafa masa da kanka, ka kuma tuna cewa a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Idan babu hanyar shiga aji sai ta bidiyo mai nauyi, to ƙofa ta biyu ta 'ya'yan masu hali ce, waɗanda dama ta farkon ba ta gagare su ba. Jami'ar da ke nufin alheri za ta fitar da muryar lacca daban, ƙarama, tare da hotunan allo masu karantuwa, yadda mai tsohuwar waya zai sauke cikin dare ya saurara da safe. Fuskar malami ba ta cikin jarrabawa.

Kuma ina jin tsoron wani abu. Kusan matasa miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB a 2025, gurabe kuwa ba su kai ba, ɗakunan lacca sun riga sun cika har tagogi. A irin wannan hali kyamara na iya zama fitina ga hukumar makaranta: a ninka yawan ɗalibai, ba a ƙara malami ko ɗaya ba, a ce ai rabi za su bi daga gida. Wannan ba faɗaɗa ilimi ba ne, ɓoye cunkoso ne inda ido ba zai gan shi ba.

Akwai kuma amana. Ɗakin karatu wuri ne da mutum ke bayyana jahilcinsa don a yaye masa, kuma ba ya yin haka sai ya aminta. Ranar da ɗaliba mai kunya ta san cewa tambayarta, da kuskuren lafazinta, da fuskarta, za su iya fita daga aji su shiga WhatsApp ko TikTok a yi ta dariya, to daga ranar ta daina ɗaga hannu. Kun ga kyamarar da aka kawo don na nesa ta rufe bakin na kusa. Don haka a fuskantar da ita ga malami da allo, kada ta riƙa shawagi a kan sahun ɗalibai, a sanar da kowa lokacin da ake ɗauka, a kuma fayyace wa ke da ikon gani da ranar da za a goge. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yunin 2023 ta shafi irin wannan, amma tun kafin doka mun san hukuncin yaɗa abin da aka yi a majalisi ba da yardar ma'abotansa ba. Haka nan kada a tilasta wa na gida buɗe kyamararsa. Wani ɗaki ɗaya suke da iyalinsa, wata kuma ba ta cikin shigar da za ta so maza ɗari su gan ta. Idan ana son tabbatar da cewa yana nan, a jefa masa tambaya ya amsa.

Mustamlin zamaninmu ba ya buƙatar kwangila daga ƙasar waje. Ɗalibin digiri na biyu ne, ko wani haziƙi daga cikin ajin, a ba shi ɗan alawus, ya zauna a sahun gaba da kwamfuta da abin ji a kunne, yana sauraron abin da na nesa ke ji, ba abin da ɗaki ke ji ba. Idan sauti ya yanke shi zai fara sani. Idan malami ya yi rubutu a gefen allon da kyamara ba ta kaiwa, shi zai ce, "Malam, a ɗan matso dama." Idan an yi tambaya a ɗaki ya tunatar a maimaita ta a makirufo kafin a amsa, kuma a ba shi izinin tsayar da lacca bayan kowane minti goma sha biyar ya karanto tambayoyin na gida da sunayensu. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi sama da ɗari a faɗin ƙasar nan. Irin waɗannan wurare, da ɗakunan karatu na garuruwa, su ne suka fi dacewa da salon Gibbons, inda wutar sola ɗaya da layin intanet ɗaya za su wadaci mutum goma.

Kafin hukumomi su motsa, ku da kuke da laccoci a wayoyinku kuna iya farawa a wannan makon. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, 'yan uwa mata su ma su yi nasu, mutum ɗaya ya sauke laccar ku raba kuɗin data, ku naɗa wanda zai riƙe wayar. Duk minti goma ya dakatar, ya nuna ɗayanku ya ce ya maimaita abin da aka faɗa da Hausa. Abin da ya gagare ku gaba ɗaya ku rubuta shi a takarda guda, da mintin da ya zo a cikin laccar, wakilin aji ya kai wa malamin kafin darasi na gaba.